Garwar Ƙanƙarar Mista Bitrus

Jiya na ga ɗaya daga cikinku ya ɗura wa firij gas, ya cire geji, ya kakkaɓe hannu yana murmushi kamar wanda ya gama rufin gida. Ban ce masa komai ba a gaban mai kaya. Amma ko kumfar sabulu ta gwajin yoyo bai shafa a bakin silinda ba kafin ya jingine ta a lungu, kuma a ganinsa aiki ya ƙare. Ku dai kun ɗauka gyaran firij shi ne a sa gas a miƙa hannu. To ku gyara zama in ba ku labarin wata garwar ƙanƙara, don ita ce ta koya mini abin da nake ta yi muku faɗa a kansa kullum har kuke ce mini mai mita.

A Kakuri na koyi aikin nan, wurin Oga Chukwudi, wani ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Kaduna, ya tafi gida lokacin yaƙi, ya dawo bayan an gama. Hausarsa ta fi ta wasunku. Da na je wurinsa, na daɗe ban taɓa ko sifana ba. Aikina shi ne goge ƙura a bayan firij, ɗaukar silinda, da kaɗa kumfa a gwangwanin madara da tsohon buroshin haƙori. Sai da ya ga na daina ƙorafi sannan ya miƙa mini geji, wato agogon auna gas, da abin yanka bututu, da fitilar walda. Ya koya mini sa hannu a bayan firij in gane lafiyarsa daga ɗumi, da sa kunne a jikin kwamfuresa, injin da ke tura gas, in ji ko tana wahala.

Gas kuwa a lokacin ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ba mu da injin zuƙe iska, don haka idan muka gama walda sai mu buɗe silinda mu hura gas ta cikin bututu ya kore iskar, ya fita ta ɗaya bakin. Firij ɗin da ya mutu kuma, filaya za ka sa ka datse bututunsa ka bar shi yana huci har ya yi shiru. Akwai masu kifa silinda su fesa wa kwalbar lemo don su burge 'yammata masu talla. Haka kowa ke yi, haka na taras, haka na ɗauko na kai shagona da na buɗe a Makera, kusa da gidajen ma'aikatan masaƙa.

Sai shekarar da aka karya darajar Naira ta zo. Kayan waje suka ɓace kamar an share. Kwamfuresa sabuwa sai dai ka ji labarinta, gas kuma wanda ke da shi ya kai ɗaka ya kulle. Ni da na ga alama tun da wuri, na sayi silinda ɗaya cikakkiya na tura ƙarƙashin bencin aiki, na rufe da buhu. Na ce wannan ba ta ƙananan ayyuka ba ce, ta ranar wuya ce. Duk lokacin da hankalina ya tashi a kan halin kasuwa, sai in kalli buhun nan in ji sanyi a raina.

A bazarar da ta biyo baya ne firizar Hajiya Asabe ta shigo shagona. Hajiya maƙwabciyarmu ce, mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu ya bar ta da yara, kuma da haƙƙinsa na wurin aiki ta sayi firizar nan babba mai murfi a sama. Da ita take yin ƙanƙara da zoɓo tana ciyar da gida. Taransifomar layinsu ta ƙone, ba ranar gyara, ni kuwa shagona yana kan layin da ke samun wuta sosai saboda masana'antu. Sai ta roƙe ni in ajiye mata firizar, ta riƙa kawo ruwanta a leda da yamma tana kwashe ƙanƙara da safe. Azumi ya kusa, kuma kun san abin da azumin bazara yake nufi ga mai sayar da ƙanƙara. Ranar da aka sauke ta daga kura, Hajiya ta dafa murfin ta ce, “Garba, wannan ita ce uban 'ya'yana yanzu. Amana na ba ka.”

Ba a jima ba sai ga wani malamin sakandare, Mista Bitrus, mutumin Narayi, ya zo a keke da garwar kananzir wankakkiya ɗaure a baya. Labarin ƙasa yake koyarwa, kuma babbar 'yar Hajiya tana ajinsa, ta nan ya ji labarin firizar. Ya ce makarantarsu za ta yi ranar tunawa da mutanen farko da suka je ƙarshen duniya na kudu, inda ba komai sai ƙanƙara, an haura shekara saba'in da yin haka. Yana so yara su ga wani abu da ido, ba zanen allo kawai ba. Shirinsa shi ne kullum ya zuba ruwa kaɗan a garwar ya daskare, gobe ya ƙara a kai, wata rana ya barbaɗa toka, wata rana jar ƙasa, har ta cika. Ya ce haka ƙanƙarar can take, hawa-hawa, kowace shekara da nata, kuma masana suna haƙa ta su karanta yadda duniya take tun kafin kakanninmu. Hajiya ta yarda a ba shi kusurwa ɗaya. Ni a raina na ce boko ma dai wani ciwo ne, mutum da girmansa yana kiwon ƙanƙara a garwa.

Kullum bayan an tashi makaranta sai ya zo da ruwa a kwalba, ya zuba, ya zauna a benci ya huta kafin ya kama hanyar Narayi. A nan na riƙa jin labarin gutsi-gutsi ina aiki. Ya ce ayari biyu ne suka yi tsere, ɗaya ya riga isa ya koma gida lafiya. Ɗaya ayarin, mutum biyar, suka isa suka taras an riga su, suka juyo a ƙafa suna jan kayansu da kansu, kuma ba wanda ya kai gida. Da aka gano na ƙarshensu a cikin tanti, an sami duwatsu masu nauyi a kayansu da suka ƙi yarwa duk da yunwa. A jikin duwatsun akwai shatin ganye, shi ya nuna wa masana cewa ƙasar nan ta taɓa zama daji. Ya ce daga tafiye-tafiyen nan ne aka fara auna sanyi da iska a can, har yau kuma ba a daina ba.

Duwatsun ba su dame ni ba. Abin da ya sa na ajiye sifana shi ne maganar kananzir. Mista Bitrus ya ce a hanyar zuwa sun riƙa ajiye abinci da gwangwanayen mai a wurare, don su taras a dawowa. A can idan ba ka da wuta ba ka da ruwan sha ma, sai ka narka ƙanƙara a risho. Da suka dawo suka buɗe, sai suka ga man ya ragu, alhali ba wanda ya taɓa. Woshar fata da ke bakin murfin ce sanyi ya lalata, man ya riƙa sulalewa a hankali. Na ce masa to ai wannan ba ƙanƙara ce ta ci su ba, yoyo ne. Na ƙara da cewa duk wanda ya rufe gwangwanayen nan bai gwada ba, ba ma'aikaci ba ne, da a shagon Oga ne da ya sha mari. Na faɗa da ƙarfi ina jin kaina, shi kuma ya yi dariya ya hau kekensa.

Wata safiya, garwa ta wuce rabi, azumi kuma ana ta lissafin ganin wata, Hajiya ta buɗe firiza ta ɗaga leda ɗaya ta ce ruwanta bai kama ba. An kwana da wuta, na sani. Na zagaya baya na sa hannu a kwamfuresa, na janye da sauri don zafi. Tana ta gudu ba hutu, bututun baya kuwa da ya kamata su yi ɗumi sai salaf. Na duƙa na ga ɗan danshin mai a mahaɗar draya, wato ɗan tulun da ke tace gas. Na shafa kumfa, sai ga ƙwan kumfa yana tasowa a hankali, alamar yoyo. Nan take na kashe ta, don gas ɗin da ke dawowa shi ke sanyaya kwamfuresa, idan babu shi za ta ƙone, kuma idan ta ƙone a shekarar nan an gama. Na ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ƙaramin aiki ne, kafin azahar ta ji ta tana kuka. Na faɗa da gaskiyata, don na san abin da na ɓoye.

Na durƙusa na yaye buhu, na kama silinda da hannu biyu na tattara ƙarfi, sai ta taso kamar ƙwarya. Na girgiza ta a kunne, babu motsin komai sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na shafa kumfa a bakin bawul. Robar ciki ce zafin kwano ya busar ta tsage, wata da watanni gas yana fita a ƙarƙashin bencin da nake zaune a kai. Tsoro ya kama ni sosai. Maganar da na yi a kan mai rufe gwangwanaye ta dawo mini kalma-kalma.

Na gaya wa Hajiya gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni kawai ko za a samu kafin azumi, na ce zan nema. Ta miƙa hannu za ta ɗaga murfi ta sake dubawa, na riƙe. Wannan ita ce ɗabi'ar mutanenmu, da firiza ta tsaya sai kowa ya zo ya buɗe ya leƙa ya ce bari in ga ko da sauran sanyi, alhali leƙen ne ke korar sanyin. Na lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna, na aika makaranta a gaya wa Mista Bitrus, na ɗaure silindar a babur ɗin aro na hau na fita.

Na bi Kakuri shago-shago, na haura gada na shiga cikin gari, na dawo har Sabon Tasha. Wani ya ce sai wata mai zuwa, wani ya ce ana sa ran kaya daga Legas, wani da na san yana da shi ya kalle ni ido cikin ido ya rantse babu. Ko'ina na tsaya sai in duba rana in ga ta ƙara hawa. Ina ta tunanin gidan Hajiya a watan da ya kamata ta tara na makaranta da na abinci, da firizar a shagona kamar akwatin banza. Da rana ta take tsaka na ƙarasa wurin Oga Chukwudi, wanda na bari a ƙarshe don kunya.

Ya saurare ni har na gama. Shi ma ba shi da ko ɗigo. Ya juya ya kalli bayan shagonsa, inda matattun firij suke jibge, wasu ba ƙofa, wasu tsatsa ta cinye gindinsu. Sai ya ce lokacin yaƙi a garinsu ba a yar da komai, ko man da ke gindin inji sai an tace an sake amfani da shi. Ya nuna juji da haɓa ya ce, “Garba, gas ɗinka ga shi can a cikin gawawwakin nan. Wanda ba mu yanka ba, yana nan.”

Ya ɗauko tsohuwar kwamfuresa mai rai ya ɗaure a katako, ya haɗa bakin zuƙarta da tiyo, bakin turawarta kuma ya bi da shi ta sabuwar draya zuwa silindata, bayan mun canza robar mun gwada da kumfa har na ƙosa shi. Muka tsoma silindar a baho da ruwan randa, don sai ta yi sanyi gas yake yarda ya kwanta a ciki. Kowane firij sai mun huda shi kaɗan mun shinshina tukuna. Wanda kwamfuresarsa ta ƙone gas ɗinsa yana da wari mai yaji, guba ne ga inji mai lafiya, sai mu wuce shi. Da yawa kuma muka taras da bututunsu a datse, bakin filayarmu na nan a jiki, wasu ma ni na yanka su da hannuna ina yaron shago. Waɗanda suka rage kowanne ɗan kaɗan yake bayarwa. Ruwan baho ya yi ɗumi mu canza, in ɗaga silinda in auna da hannu, Oga ya ce saura. La'asar ta yi, maƙwabtan shago suka fara turo nasu matattun firij ɗin a baro don su ga ikon Allah. Ban san ko abin da muke tarawa zai isa ba, kuma ba mai iya gaya mini.

Da na dawo Makera da silinda da kwamfuresar Oga a bayan babur, rana ta yi ja. Na taras da Mista Bitrus zaune a kan murfin firiza da laktayensa, gumi ya jiƙa masa riga. Ashe tun da aka tashi makaranta yake nan, don mutanen layi sun yi ta zuwa za su leƙa, ya ga ba abin da zai hana su sai nauyinsa. Hajiya na gefe a kan tabarma da carbi. Duka suka juyo suka kalli silindar.

Na cire tsohuwar draya na yi waldar sabuwa, na bar ta ta huce. Hannuna ya tafi kan bawul zai hura gas ya kore iska kamar yadda ya saba, na kama kaina. Na haɗa kwamfuresar Oga na zuƙe iskar da ita har allurar geji ta kwanta ƙasa, na jira in ga ko za ta motsa, ba ta motsa ba. Sannan na kunna firiza na fara sakin gas kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya a bawul, ɗaya a bututun baya. Ɗumi ya fara daga sama yana saukowa layi-layi. Silinda tana ta sauƙi a gwiwata, ɗumin bai kai ƙasa ba, ina ta salati a zuci. Sai da na kifa ta na tatse na ƙarshe sannan bututun dawowa ya fara zufa, muryar kwamfuresa ta sauka ta daidaita. Na shafe kowace mahaɗa da kumfa, ba ƙwai ko ɗaya. Aka kira magariba ina zaune a ƙasa.

Washegari ledojin Hajiya suka fito kamar dutse. Garwa kuwa ta sha wuya. Samanta ya narke, tokar da ya barbaɗa ta gudu gefe guda, sannan ya sake daskarewa a haka. Na ce wa Mista Bitrus ko a kankare wurin a gyara, don kada ya ji kunya a gaban manya. Ya daɗe yana kallo, ya ce a bari, ya zuba ruwan ranar a kai kamar kullum. Ni dai ban sake samun natsuwa ba, ina ganin na ɓata wa bawan Allah aikin makonni.

Ranar taron muka binne garwar a garin katako cikin baro muka tura har makaranta. Zauren ya cika da yara da iyaye, an manna taswira a bango, an yi ɗan tanti da buhu, an ɗora hotunan mutanen da aka yanko daga tsohuwar mujalla, fuskokinsu duk sanyi ya ƙona. Na sa almakashin kwano na yanke garwar na ɓare ta, ƙanƙarar ta tsaya a tire tana hayaƙi. Hawa-hawan nan suka fito farare, layin toka da na jar ƙasa a miƙe kamar an ja da rula. Amma sama da tsakiya akwai wani ɗauri garau kamar gilashi, tokarsa a karkace, ko daga bayan zaure ana ganinsa. Shugaban makaranta ya sa yatsa daidai wurin ya tambaya wannan kuma me yake nufi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mista Bitrus ya ce, “Ranka ya daɗe, duk sauran ni na zuba su. Wannan ɗaya ba ni na yi ba. Rana ce guda da sanyi ya gudu, ba wanda ya gaya wa ƙanƙarar, ita ta riƙe da kanta. Abin da masana ke zuwa nema a can ke nan.” Sannan ya ba su labarin gwangwanayen kananzir, ya ba su na silindata, bai rage komai ba, yara suka juyo suna kallona. Bayan haka aka yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da mamatan, sai yara suka yi layi kowa ya dafa ƙanƙarar. Wurin garau ɗin nan ya fi ko'ina shan hannu, shi ya fara lotsawa.

Muna tura baro a hanyar dawowa ya gaya mini wani abu da bai faɗa a zaure ba. Ya ce masu aune-aune a can ƙasar ƙanƙara sun gano kwanan nan cewa rufin da ke tare mana zafin rana a sama ya fara sirancewa, kuma ana zargin irin gas ɗin da muke aiki da shi. Na tuna hucin duk bututun da na datse, na ce ashe har can yake zuwa. Tun daga ranar kwamfuresar Oga ba ta bar shagona ba, ga ta can a kan katako, ita kuke yi wa dariya kuna cewa ta girmi babanku.

Firizar Hajiya ta yi azumin nan ba ta yi tari ba, ta yi wasu da dama bayansa da gas ɗin matattun firij a cikinta. Ranar farko ta azumi ta aiko mini da ƙanƙara guda a kwano, na sha ruwa da ita.

Yanzu kai mai murmushin jiya, tashi ka ɗauko gwangwanin kumfa da buroshi, ka je lungu wurin silindar da ka jingine. Ni na riga na ɗaga ta da safe na ji nauyinta ya ragu. So nake ka ga ƙwan yana tashi da idonka.